Rance da Koyarwar Lafiya

Mace ta karɓi ƙaramin rance ta fara tuyar ƙosai. Sai ɗanta ya kamu da gudawa, kuɗin magani ya cinye jarin, bashi kuwa yana nan. Ashe rance shi kaɗai ba ya fid da ita daga talauci.

Bankin Grameen na Bangaladash, wanda aka kafa a 1983, ya lura da wannan. Matan da ke cin rancensa suna taruwa kowane mako don biya, suna kuma yin alkawarin haƙa masai da shan ruwa mai tsabta.

Fasto, idan zumuntar matan ikilisiyarka tana adashe, a gayyato ma'aikaciyar lafiya ranar zubi, ta koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari. Lafiyar yaro ita ce ke tsare jarin uwarsa.