Mazaɓun Tarayya a Yammacin Zamfara: Iyakokinsu da Sakamakon Zaɓukansu

Mazaɓar tarayya yanki ne da doka ta keɓe domin ya aika wakili ɗaya zuwa Majalisar Wakilai a Abuja. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade kujerun majalisar a 360, kuma Jihar Zamfara na da bakwai daga ciki. Da yake ƙananan hukumomin jihar 14 ne, an haɗa su biyu-biyu. Gummi da Bukkuyum suna mazaɓa ɗaya, Anka kuwa an haɗa ta da Talata Mafara. A zaɓen Majalisar Dattawa duk huɗun suna cikin Zamfara ta Yamma tare da Bakura da Maradun. A majalisar jiha mai kujeru 24, Gummi na da biyu, Bukkuyum biyu, Anka ɗaya.

An shata waɗannan iyakoki tun zamanin mulkin Janar Sani Abacha, a 1996, shekarar da aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba. Da su aka shiga jamhuriya ta huɗu a 1999, kuma da su ake zaɓe har yau.

Ƙa'idar shata mazaɓa tana cikin sashe na 71 zuwa 74 na kundin tsarin mulki. Ba a yarda mazaɓa ta tsallaka iyakar jiha ba, kuma ana so yawan jama'ar kowace mazaɓa ya kusanci na sauran. Hukumar zaɓe ta INEC ce ke da alhakin sake duba rabon, a tsakanin da bai gaza shekara goma ba, ko bayan ƙidayar jama'a, ko bayan an sauya iyakar jiha. Sai dai duk sauyin da ta kawo ba zai yi aiki ba sai majalisun tarayya biyu sun amince, kuma sai wa'adin majalisa mai ci ya ƙare. Nan ne gizo ke saƙa, domin 'yan majalisar da sauyin zai taɓa wa kujeru su ne za su amince da shi.

Ƙidayar 2006 ta ba da ma'aunin da za a iya gwada waɗannan mazaɓu da shi. Ta nuna Najeriya na da mutum miliyan 140, wato kimanin 390,000 ga kowace kujera. Gummi da Bukkuyum kowacce ta haura 200,000, don haka mazaɓarsu ta zarce matsakaicin ƙasa. Anka na da kimanin 142,000, kuma ko da aka haɗa ta da Talata Mafara jimillar ba ta kai matsakaicin ba. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, domin wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. A tsakanin nan kuwa haƙar zinare ta jawo mutane zuwa wurare irin su Bagega, hare-haren 'yan bindiga kuma sun tashi ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum, jama'arsu suka kwarara cikin garuruwa. Abin da INEC ta iya sauyawa shi ne rumfunan zaɓe: a 2021 ta ƙara yawansu a ƙasa baki ɗaya zuwa 176,846, amma iyakokin mazaɓu suna nan yadda suke.

Sakamakon zaɓukan yankin ya daɗe yana bin akalar jam'iyyar da ke mulkin Gusau. Ahmad Sani Yarima, ɗan Bakura, ya wakilci Zamfara ta Yamma a Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2019. Abdul'aziz Yari ya riƙe kujerar Anka da Talata Mafara daga 2007 zuwa 2011 kafin ya zama gwamna.

Zaɓen 2019 ne ya karya wannan al'ada. APC ta lashe kujerun jihar a akwati, amma ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa jam'iyyar ba ta yi zaɓen fidda gwani bisa ƙa'ida ba, don haka ƙuri'unta sun tashi a banza. Waɗanda suka zo na biyu suka gaji kujerun. Ta haka Bello Matawalle na PDP ya zama gwamna, Lawal Hassan Anka ya zama sanata, Sulaiman Abubakar Gummi kuma ya tafi Majalisar Wakilai.

A 2023 masu zaɓe sun raba ƙafa. Yari ya ci kujerar sanata a APC, kujerar Gummi da Bukkuyum ta tafi PDP, Dauda Lawal na PDP kuma ya kayar da Matawalle da ƙuri'a 377,726 a kan 311,976. A Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce zaɓen gwamnan bai kammala ba, ta umurci a sake shi a wasu ƙananan hukumomi uku, ciki har da Bukkuyum. Ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci ta tabbatar da Dauda Lawal.

Sake shata mazaɓun yankin yana jiran abu uku: sabuwar ƙidaya da jama'a za su amince da ita, rajistar masu zaɓe da ta san inda 'yan gudun hijira suke zaune yanzu, da amincewar majalisa. Muddin ba a samu waɗannan ba, mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum za su ci gaba da zaɓen wakilansu a kan taswirar 1996, kuma nauyin ƙuri'ar mutum zai bambanta daga wannan mazaɓa zuwa waccan, abin da kundin tsarin mulki ya nemi a kauce masa.