Daga Masaukin Baƙi Zuwa Jami'a

Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ɗan Haɗejiya mai neman ilmi mai zurfi Kano ya kan dosa, ko kuwa Zariya. To, ita wannan jami'a ta Kano da ake alfahari da ita, a gidan aro ta tashi.

A cikin shekarar 1964 ne Kwalejin Abdullahi Bayero ta tare a tsohon masaukin baƙi na filin jirgin saman Kano, inda ɗalibai goma kacal suka fara karatun digiri a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, zama kusa da filin jirgi ya zama kasada, sai aka kwashe kwalejin zuwa bayan ganuwa, daura da Ƙofar Kabuga da ta Dukawuya.

Bayan an ƙare yaƙi a 1970, kuɗin man fetur suka shigo, makarantun sakandare suka yawaita, masu neman shiga jami'a suka fi ƙarfin guraben da ake da su. Saboda haka a 1975 Gwamnatin Tarayya ta ƙaro sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a har bakwai. Da ya ke ba a iya jiran magina, ta Maiduguri ta gaji gine-ginen wata kwaleji, ta Sakkwato kuwa ta fara darasi a 1977 a mazaunin wucin gadi cikin gari, kafin a gina na Dundaye. A wannan shekara ce kuma ta Kano ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero.

Hikimar magabata ita ce, da babu gara ba daɗi. Da sun tsaya sai gini ya kammala, da yara da yawa sun rasa rabonsu. Amma fa ba su miƙe ƙafa a gidan aro ba.

Yau ga jami'a a ƙofar gida, watau Jami'ar Sule Lamido da aka kafa a Kafin Hausa a 2013. Ɗalibai kuwa ƙaruwa za su yi ta yi. A ƙasar da Kogin Haɗejiya kan yi ambaliya, wajibi ne hukuma ta riga su shiri, ta gina ɗakunan karatu da na kwana masu ƙwari a kan tudu, kada na wucin gadi su zama na dindindin.