Ƙaurace wa Abinci Kafin Shan Tsimin Ayahuasca

A dajin Amazon na ƙasar Peru, masu maganin gargajiya na ƙabilar Shipibo kan umarci majinyaci ya ƙaurace wa gishiri, sukari, barasa da naman alade na wasu kwanaki, kafin su ba shi ayahuasca, wani tsimi mai sa mutum gane-gane.

Likitocin zamani ma suna da nasu gargaɗin. Kurangar da ake dafawa tana hana jiki narkar da wasu sinadarai, saboda haka cin daɗaɗɗen cuku yana iya haddasa hawan jini. Mafi haɗari kuwa su ne magungunan ciwon damuwa da ganyen St John's wort, domin gamuwarsu da tsimin tana iya halaka mutum. Duk da haka, kada majinyaci ya yanke maganinsa sai da izinin likita.