Manoman Norbej da sunka yi ƙaura zuwa Amirka

Norbej ƙasa ce ta arewacin Turai. Duwatsu da sanyi sun yi mata yawa. Cikin kashi ɗari na ƙasar, kashi 3 ne kawai ke nomuwa. A al'adarsu ta da, in uba ya rasu, babban ɗa shi ke ɗaukar gona. Ƙannai sai ƙwadago a gonar wani. Mutane na ƙaruwa, gona ba ta ƙaruwa. Wannan matsala mun san ta, ko ba haka ba?

Ran 4 ga Yuli 1825, mutum 52 sunka shiga wani ɗan jirgin ruwa a garin Stavanger. Wasunsu matsin addini ne ya tashe su, wasu kuma bidar gona. Wata uku sunka yi bisa teku. Sun isa birnin Niyok ran 9 ga Oktoba su 53, don an haifi yarinya a hanya. Da farko sun zauna cikin kurmi, inda sai an sha wuyar sassabe kafin a shuka. A 1834 jagoransu Cleng Peerson ya kai wasunsu yamma, jihar Ilinoy, bakin gulbin Fox, inda ƙasa ke shimfiɗe.

To, ƙaƙa na gida sunka samu labari? Ta wasiƙa. Yawancin talakawan Norbej sun iya karatu, don tun 1739 anka yi dokar koya ma yara. In wasiƙa ta zo daga Amirka, sai a kwafe ta da hannu, ta yi ta yawo gida gida. Ciki ake jin kuɗin ƙasa, da ladan aiki, da hanyar da za a bi. Shi ya sa ƴan ƙauye guda kan tashi su tarda ƴan'uwansu wuri guda.

Amma ba kowa ya dace ba. A 1837 wata ƙungiya ta zaɓi fili a Beaver Creek, kudu da Cikago. Lokacin fili a bushe yake, ga ciyawa mai kyau. Sunka saye, sunka gina ɗakuna. Da ƙanƙara ta narke, ashe fadama ce. Ruwa ya cinye gonaki, masassarar sauro ta shigo, mutane da yawa sunka mutu. Shugabansu Ole Rynning, wanda ya rubuta littafin shawara ga masu ƙaura, shi ma nan ya rasu a 1838. Sauran sunka watse.

Na baya sun nufi jihar Wiskonsin. An kafa Muskego a 1839, Koshkonong a 1840. A Muskego wani manomi mai suna Even Heg ya buɗe ma baƙi babban ɗakin da yake ajiye ciyawar dabbobi, su sauka kafin su samu wuri. Jama'ar sun haɗa ƙarfi sun gina majami'a da gungumen icce, anka buɗe ta a 1845. A 1847 kuma sunka fitar da jarida cikin harshensu.

A 1862 gwamnatin Amirka ta yi doka: wanda ya zauna bisa fili ya nome shi shekara 5, za a mallaka mashi wajen ekta 65. Sai dai mu sani, filin nan ba na banza ba ne, daga hannun ƴan asalin ƙasar anka ƙwace shi. Ƴan Norbej sunka kwarara Minesota da Dakota. Can babu icce, sai su yanko ƙasa mai saiwar ciyawa su jera kamar tubali, su yi ɗaki. Daga 1873 zuwa 1877 fara ta yi ta cinye masu alkama, shekara bayan shekara. Wasu sun tashi, wasu sun jure da taimakon maƙwabta.

Cikin shekara ɗari, daga 1825 zuwa 1925, mutum wajen dubu 800 ne sunka bar Norbej zuwa Amirka. Jikokinsu na nan a waɗannan jihohi.

Ƴan'uwa, abu biyu za mu riƙe. Kada ka sayi gona don ka gan ta da rani, bari ka ga yadda take da damina. In kuma ɗan'uwanka ya tafi ci-rani ya aiko da saƙo, gara ka karanta da kanka da ka kai ma wani ya ji sirrin gidanku.