Kyan Sautin Waƙoƙin Fim Na Da Da Na Yanzu: Nazari Daga Karkarar Arewacin Kano

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba zama a teburin mai shayi bayan sallar lisha a Ɗambatta, ko Bici, ko Makoɗa, ko ɗaya daga cikin ƙauyukan nan da gonakinsu ke haɗe da juna a arewacin Jihar Kano, ba zai rasa jin gardamar waƙa ba. Dattijo yakan ce waƙoƙin finafinan yanzu ƙara ce kawai, muryar kowa iri ɗaya, kamar daga cikin gwangwani take fitowa. Saurayi kuwa yakan mayar masa da cewa ai na da ɗin, shuuwar kaset ta fi waƙar yawa. Kowannensu akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta fayyace abin da ake nufi da kyan sauti, ta bi hanyar da waƙa ke bi daga bakin mawaƙi zuwa kunnen manomi, sa'an nan ta nuna abin da harshen Hausa ya samu da abin da ya rasa a cikin wannan sauyi.

2.0 Ma'aunan Kyan Sauti

Masana sukan auna sautin da aka ɗauka da ma'auni huɗu. Na farko shi ne faɗi. Sauti dai kaɗawar iska ce, kuma kunnen yaro mai lafiya yana jin abin da ya kama daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a cikin daƙiƙa ɗaya. Rugugin gangar noma yana can ƙasa, ƙarar caki da tsinin sarewa suna sama. Na biyu shi ne tazara, watau nisan da ke tsakanin sauti mafi taushi da mafi ƙarfi a cikin waƙa guda. Na uku shi ne tsabta, watau rashin shuuwa da ƙarce-ƙarce. Na huɗu shi ne kama, watau yadda abin da aka ɗauka ya yi daidai da muryar mutumin, da amon kayan kiɗansa, da na wurin da ya tsaya.

Saurayin da aka ambata a sama da ma'auni na uku yake awo. Dattijon kuwa da na biyu da na huɗu yake yi, ko da bai san sunansu ba.

3.0 Yadda Ake Ɗauka A Da

Kafin Bahaushe ya fara fim nasa na kasuwa, waƙar fim da ya sani ta Indiya ce. A gidajen silima na Kano, irin su Rex da Palace da Plaza, aka saba da muryoyin Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi, kuma fim ɗin Mother India na 1957, wanda Naushad ya tsara wa kiɗa, ya shekara da shekaru ana maimaita shi. Mutumin ƙauye kuwa majigi ya fi sani, sai kuma abin da ya ji a rediyo, musamman bayan buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962.

A wancan zamani makaɗa da mawaƙa a ɗaki ɗaya suke taruwa, a kafa 'yan makirufo kaɗan, a yi waƙar daga farko har ƙarshe. In wani ya yi kuskure, sai a koma a sake gaba ɗaya. Haka ake yi a Bombai da makaɗa masu yawa, haka kuma ake yi a Kaduna in an ɗauki Alhaji Mamman Shata da 'yan kalangunsa, ko Alhaji Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa, ko Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa.

Kayan aikin suna da iyaka a fili. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti bai ɗaukar fiye da waƙar minti uku ko kusa da haka a kowace fuska, ga kuma ƙarce. Layin sauti da ke gefen tsohon fim ɗin silima da wuya ya wuce kaɗawa 8,000. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, zarensa santimita 4.76 kawai yake tafiya a daƙiƙa, alhali babban zaren ɗakin ɗaukar sauti yana yin 19 ko 38. Gwargwadon saurin zare, gwargwadon abin da yake iya riƙewa. Saboda haka ta fuskar faɗi da tsabta, tsohuwar ɗauka ba ta da abin alfahari.

Amma akwai abin da ta riƙe. Tun da mutane ne suke kiɗan tare, kiɗan yana bin mawaƙi. In ya ja baiti, kalangu ya jira shi. In ya yi ƙasa da murya, 'yan amshi su yi ƙasa. Ana jin numfashinsa, ana jin faɗin wurin, ana jin lokacin da waƙa ta yi zafi har sauri ya ƙaru.

4.0 Zuwan Bidiyo Da Fiyano

Fim ɗin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, shi ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Na farko-farkon nan sun dogara ne da kiɗan gargajiya, musamman irin na 'yan koroso. Daga baya, a cikin shekarun 1990, sai fiyano ta shigo, da farko ƙirar Casio, sa'an nan ƙirar Yamaha, wadda ɗakin ɗaukar sauti na Iyan-Tama ya yi suna da ita. Wannan na'ura tana ɗauke da amo iri-iri a cikinta, wasu sun yi kama da sarewa, wasu da ganga, wasu da goge. Da fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a wajajen shekarar 2000, waƙarsa ta game gari da ƙauye, sai hanya ta buɗe wa abin da ake kira waƙoƙin nanaye.

Dalilin karɓuwar fiyano a bayyane yake. Mai shirya fim da a da zai ɗauko makaɗa biyar ko shida, ya ciyar da su, ya sallame su, yanzu mutum ɗaya ya ishe shi. Da kwamfuta ta zo kuma, aiki ya ƙara sauƙi. Akan fara haɗa kiɗan, sa'an nan mawaƙi ya shiga ƙaramin ɗaki shi kaɗai ya ɗora muryarsa a kai, baiti-baiti, a yanke inda ya ɓaci a liƙa wani. Ma'aunin faifan CD, wanda ya fito a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, ya ɗauke duk faɗin da kunne ke ji, ba shuuwa ko kaɗan.

Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, bai kamata a raina shi ba. Ya ba matasa da mata da yawa damar da a da sai ɗan gado ko mai uban gida ke samu. Sai dai wasu al'adu biyu sun biyo shi. Ta farko ita ce matse sauti, watau a ɗaga duk inda ya yi taushi, a danne inda ya yi ƙarfi, har waƙa ta zama bai ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Tana ƙara, amma tazara ta tafi, kuma kunne yana saurin gajiya da ita. Ta biyu ita ce gyaran murya da manhaja irin Auto-Tune, wadda ta fito a 1997. Aikinta shi ne ta jawo murya zuwa matakin fiyano mafi kusa. In an sa ta kaɗan ba a ko lura, in an cika ta kuwa sai murya ta koma ta ƙarfe. Ita ce gwangwanin da dattijo ke faɗa.

5.0 Inda Abin Ya Shafi Harshe

A nan ne maganar ta wuce ta daɗin kunne kawai. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma duka biyun suna bambanta ma'ana ko da yake ba a nuna su a rubutun yau da kullum. Kuka ta bakin gona da kuka na mai hawaye, kari ne ya raba su. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Gari na mazauni da gari na tuwo kuwa, tsawon wasalin farko ne ya raba su.

Kalangu an yi shi ne daidai da wannan hali na harshe. Makaɗi yana matsa tsarkiya a hammatarsa, fata ta ɗaure amo ya hau, ya sassauta amo ya sauka, har a ji take ko kirari ba tare da an buɗe baki ba. Wannan ne ya sa ake cewa kalangu yana magana. Amon da ke cikin fiyano kuwa bugu ɗaya ne aka ɗauka aka ajiye, duk sa'ad da aka danna shi zai fito kamar yadda ya fito a baya. Yana iya riƙe rauji, amma ba ya kirari.

Daɗin daɗawa, fiyano matakai 12 gare ta ƙayyadaddu a kowane zango, muryar mawaƙin Hausa kuwa tana zamiya a tsakanin matakai. Bayan karin sama da na ƙasa, Hausa tana da faɗau, watau wanda ke farawa sama ya gangaro a kan gaɓa guda, kamar a kalmomin yau da rai. Shi ne ma ya raba kai na jiki da kai na wakilin suna. Faɗau gangara ce, manhajar gyaran murya kuwa in an tsananta ta, tsani take mai da kowace gangara.

Har wa yau, ma'aunin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake, mai nauyi da marar nauyi. Mawaƙin da kiɗa ke bi ba ya rasa yadda zai ba kowace gaɓa haƙƙinta. Wanda aka riga aka ɗaure masa kiɗa a kwamfuta kuwa, shi ne zai bi, in kalma ba ta shiga ba sai ya ja gajeren wasali ko ya datse dogo. Gwanaye daga cikin mawaƙan zamani suna kauce wa wannan ta wajen zaɓen kalma, amma rago yakan tilasta wa harshe. Yaro a Kunci ko Tsanyawa da ke jin irin waɗannan waƙoƙi safe da yamma, da su kunnensa ke girma.

6.0 Hanyar Da Waƙa Ke Bi Zuwa Ƙauye

Akwai kuma wani abu da masu gardamar ba su cika lura da shi ba: babu ɗayansu da ya taɓa jin waƙar kamar yadda aka ɗauke ta. A zamanin kaset, abin da ke isa kasuwannin ƙauye daga Ƙofar Wambai kwafi ne na kwafi, kuma kowane kwafi yana ƙara shuuwa yana rage tsinin sauti. Zaren kaset ɗin bidiyo ma santimita 2.34 yake yi a daƙiƙa, watau rabin na kaset ɗin rikoda. Ga zafi, ga ƙurar hunturu, ga batir da ya yi sanyi yana jan murya. Brian Larkin ya yi bayanin wannan gurɓacewa a littafinsa na 2008 a kan kafofin watsa labarai na Kano.

Yanzu kuwa waƙa da fim a shagon masu cajin waya ake tura su cikin memori. Fayil ɗin MP3 da aka fi sabawa da shi kashi ɗaya ne cikin 11 na girman abin da ke kan CD, domin an zubar da abin da ake ganin kunne ba zai nema ba. In aka sake matse fim don da yawa su shiga memori ɗaya, sai a ƙara zubar da wani. Daga nan sai lasifikar waya, wadda ƙarama ce ƙwarai, ba ta kuwa iya tura iskar da za ta fitar da rugugin babbar ganga.

Masu haɗa kiɗa a birni sun san inda kayansu za su ƙare. Sun san a gona za a ji su, ko a kan babur, ko kusa da janareta. Don haka suke matse sauti su tura shi tsakiya da sama, inda waya ke iya faɗa. Ashe ke nan wayar manomi tana da hannu a cikin yadda ake haɗa waƙa a Kano. In kiɗa ya sauya rawa takan sauya, amma a nan rawar ma ta sauya kiɗan.

Ya kamata kuma a yi wa zamani adalci ta wata fuskar. Tsofaffin waƙoƙin da ake ji yau zaɓaɓɓu ne, waɗanda suka yi kyan da aka ci gaba da kwafarsu. Marasa kyan sun ɓace. Kwatanta su da duk abin da aka fitar a bana kamar kwatanta irin da aka tsince ne da damin da ba a sussuka ba.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa na'urar zamani ta fi ta da ta kowace fuska, har da tazara da kama, in an bar ta ta yi aikinta. Abin da ya ragu daga wajen yadda ake amfani da ita ne. Babu abin da zai hana a kawo mai kalangu ko mai gurmi ɗakin ɗaukar sauti na yau, a ɗauke shi tare da mawaƙi, a sassauta matsi da gyaran murya. Makaɗan nan suna nan a ƙauyuka, suna kiɗan biki da dambe da gayya, sai dai suna tsufa, kuma 'ya'yansu ba su cika gadon sana'ar ba.

Abu na biyu shi ne adana asali. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, abin da ya rage na muryarsu yana kan zare, zare kuwa yana lalacewa. Fim ɗin Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi cikin tsofaffin gwangwanaye, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a Balin a 2018. Ba kowane aiki ne zai yi wannan sa'a ba. Wajibi ne a kan gidajen rediyo da jami'o'i da hukumomin al'adu su kwashe abin da ke rumbunansu zuwa na'ura ba tare da matsewa ba, masu shirya finafinai kuma su riƙa ajiye asalin sautin kowace waƙa. Wanda zai yi nazarin karin Hausa nan da shekara hamsin, da abin da aka ajiye masa yau zai yi aiki.