Ko Kun Sani? Gudun Usain Bolt a Ma'aunin Hisabi

Ko kun sani cewa ranar 16 ga Agusta, 2009, a birnin Berlin na ƙasar Jamus, Usain Bolt mutumin Jamaika ya ci mita 100 da gudu cikin daƙiƙa 9.58, abin da har yau ba a sami wani mahaluki da ya yi irinsa ba?

Ƙa'idar da ma'abuta ilmin hisabi suka kafa game da matsakaicin sauri ita ce, a ɗauki tsawon tafiya dukansa a raba shi da lokacin da aka ɓata dukansa, ba tare da an tsame ko da ƙiftawar ido ba. Bisa ga wannan, idan aka raba 100 da 9.58 sai a sami mita 10.44 a kowace daƙiƙa, wato kimanin kilomita 37.6 a sa'a guda.

Sai dai wajibi ne mai karatu ya lura, domin a nan ne mas'alar take da daɗi, cewa wannan adadi ya haɗiye har daƙiƙa 0.146 da Bolt ya yi a durƙushe bayan tashin bindiga, yatsunsa na dafe da ƙasa, ga kuma mitocin farko da jikinsa bai gama miƙewa ba. Alhali kuwa tsakanin mita 60 da 80, inda gudun ya kai matuƙa, daƙiƙa 1.61 kacal ya yi, wanda ya yi daidai da kimanin kilomita 44.7 a sa'a.