Matar Da Ta Karye A Hanyar Obudu

Mai karatu, idan kana cikin Hausawan Garki a Inugu, ka san yadda tirela ke nishi a hawan Milken Hill. To, bi hanyar Abakaliki, ka wuce Ogoja, ka isa gindin dutsen Obudu a Jihar Kuros Riba. A ce maka ga kilomita 11 na kwalta, duk hawa ne, kwana na bin kwana, ka haye da gudu da ƙafarka. Za ka karɓa? In kuma aka ce dala 50,000 na jiran na ɗaya fa?

Tayin da gwamnatin jihar a ƙarƙashin Gwamna Donald Duke ta yi wa duniya ke nan a 2005. Daga ƙasa zuwa tsohon garken shanun da ke sama, mai gudu zai ɗaga kusan mita 800. Ƙirji na zafi, cinya na rawa, ka sha kwana kana zaton an zo, sai ka ga wata ta leƙo. A tseren farko, wadda ta riga mata duka isa sama ita ce Anna Pichrtová, 'yar ƙasar Cek. Daɗin nan shi ya sake jawo ta.

A ƙarshen 2006 ta dawo Najeriya. Dutsen da ya kasa kayar da ita, hanya ta kayar. Motar da ta ɗauko ta ta yi haɗari, ta samu karaya a kafaɗa. Kada ka ce ai ƙafa ta tsira. Mai hawan dutse da hannu yake tunkuɗa jiki, da kafaɗa yake jan numfashi. Watanni ta yi tana jinya da gashin ƙashi.

Da kai ne, me za ka yi? Ga ɗaurin karaya, ga tsoron mota, ga shekaru sun haura talatin. Wa zai zarge ka in ka rataye takalmi?

Ita ba ta rataye ba. Abin da ke ba ni mamaki har yau: duk shekarun da take da ƙoshin lafiya, kambin duniya na gudun dutse ya ƙi ta. Sai a watan Satumba na 2007, shekara ba ta ma zagayo ba da haɗarin, ta shiga gasar duniya a Ovronnaz ta ƙasar Suwizalan, ta zo ta ɗaya.